Tsara lokacin barci, hasken hantsi, akwatin haske ko ƙwaya: wanne ya dace da mai ciwon kumburin hanji a Kano?

Duk wanda likita ya tabbatar masa da ciwon kumburin hanji mai daɗewa, ko cutar Crohn ko kuma gyambon babban hanji da likitoci ke kira ulcerative colitis, ya san yadda darensa yake. Ciki ya murɗa, a zaga banɗaki sau biyu sau uku kafin kiran assalatu, in kuma an ɗora mutum a kan prednisolone, maganin rage kumburi, sai ido ya bushe ƙamas. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, ba ciwon kaɗai ke ɓata barci ba, shi ma lalacewar barcin akwai alamun yana rura wutar ciwon. A 2013 wani bincike da Ashwin Ananthakrishnan na Boston ya jagoranta ya bibiyi masu wannan ciwo fiye da 3,000. Cikin masu cutar Crohn da ciwonsu ya lafa, waɗanda ba sa samun barci mai kyau sun kusan ninka sauran a yiwuwar ciwon ya dawo cikin wata shida. Ba a ga hakan a masu gyambon babban hanji ba. Binciken bai tabbatar da cewa rashin barcin ne ya jawo ba, amma ya isa ya sa likitocin ciki su fara tambayar majiyyaci ƙarfe nawa yake kwanciya.

Akwai agogo a cikin ƙwaƙwalwa, kuma hasken da ke shiga ido ne ke saita shi kullum. Hanji yana da nasa agogon, ƙwayoyin garkuwar jiki ma haka. Gano yadda wannan agogo ke aiki ne ya sa aka bai wa Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young kyautar Nobel a 2017. A gwaje-gwajen da aka yi a Amurka, ɓerayen da aka riƙa jirkita musu dare da rana sun fi jin jiki da kumburin hanji a kan waɗanda aka bari a kan tsarinsu. Daga nan ne maganar gyara lokacin barci da jinya da haske ta shigo, har ta iso wayoyinmu, wani na tallar akwatin haske, wani na tallar ƙwayar melatonin.

Kafin a kai ga zaɓi, sai an tabbatar ciwon ne. A Kano jini a bayan gida da zawo mai daɗewa sun fi zama atuni, ko basir, ko tarin fukan da ya sauka a hanji, wanda yake kama da cutar Crohn har yakan rikita likita. Ana rarrabewa ne da gwajin bayan gida, da leƙa hanji da na'ura, da ɗebo ɗan nama a duba, irin aikin da ake yi a manyan asibitoci kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Sannan babu ɗaya daga cikin hanyoyin da ke ƙasa da ke maye gurbin mesalazine ko azathioprine ko duk abin da likitanka ya rubuta. In zawo ne ke tashinka cikin dare, wannan alama ce ta ciwon na ci, kuma asibiti za ka nufa, ba kasuwar fitila ba.

Ma'aunin da na bi

Abu biyar na duba a kowace hanya. Wace hujja ce ke bayanta, musamman ga mai ciwon hanji? Nawa za ta ci? Za ta ɗore a garin da ake ɗauke wuta, zafin bazara ya wuce digiri 40, azumi kuma ya juya dare ya koma rana? Tana da sauƙin bi? Sai haɗarinta, musamman in ta haɗu da magungunan da mutum ke sha. Na fi ba na uku nauyi, domin yawancin abin da ake rubutawa a kan wannan batu an rubuta shi ne don mutanen da rana ke yi musu rowa, wuta kuma ba ta yanke musu.

Tsayar da lokacin tashi da kwanciya

Wannan ba ya cin ko sisi, kuma shi ne ginshiƙin sauran. Ka zaɓi lokacin tashi guda, ka riƙe shi har ranar Asabar da Lahadi, ka lissafa sa'o'i bakwai zuwa takwas baya ka sami lokacin kwanciya. A baki ba wuya. A aikace kuwa, ɗauki ɗan kasuwar Kantin Kwari. Ya taso kasuwa bayan magariba, ya ci abinci mai nauyi bayan isha'i, ya fita majalisa, ya biya wajen mai shayi a haɗa masa mai kauri da Nescafé. Ranar da ake buga gasar zakarun Turai sai sha ɗaya ta yi yana gidan kallo. Ya dawo ɗaki kamar tanda, babu wuta, ya ɗauki waya. Ƙarfe ɗaya a kawo wuta, ƙwan ɗaki ya haske, fanka ta tashi, yara su farka. Ya yi asuba da ƙyar, ya koma ya kwanta sai tara ko goma, ya faɗa adaidaita sahu, ya shige shagon da ba ya ganin rana. Wannan mutumin bai rasa sa'o'in barci ƙwarai ba, amma agogonsa bai san inda dare ya fara ba, bai san inda ya ƙare ba.

Mu kuma muna da abin da wasu ba su da shi: asuba. Lokacinta a Kano ba ya motsawa sosai a shekara, kuma kullum ce. Wanda zai iya kwanciya tsakanin tara da rabi da goma, ya tashi asuba, bai koma ba, ya ɗan yi ƙailula ta minti 20 zuwa 30 bayan azahar, ya gama tsara agogonsa. Wanda ba zai iya ba, kada ya matse kansa da barcin sa'o'i huɗu da sunan tsari, don gajarta barci ga mai wannan ciwo ɓarna ce. Ya koma bayan sallah, amma ya tsayar da lokacin tashi na biyu, misali ƙarfe bakwai kullum, ba yau bakwai gobe goma ba.

In ka saba kwanciya ƙarfe biyu na dare, kada ka ce yau za ka kwanta tara. Juyi kawai za ka yi ta yi a gado. Ka riƙa janyo lokacin tashi baya da minti 20 ko 30 duk bayan kwana biyu ko uku, lokacin kwanciya zai biyo da kansa. Ka janyo abincin dare shi ma ya zo da wuri, wanda hakan kan rage zirga-zirgar banɗaki. Goro da shayi da kofi da lemukan ƙara kuzari a bar su daga azahar, domin rabin sinadarin da ke hana barci yana nan a jini bayan kimanin sa'o'i biyar, ga shi kuma kofi na motsa hanji. Prednisolone da safe ake so a sha shi. In da dare kake sha, ka tambayi likita ko za a mayar.

Raunin wannan hanya shi ne ɗorewa. Bazara na karya ta, don ba a barci a ɗakin da ya sha rana tun safe, shi ya sa kuɗin da za a sa a fanka mai caji ko ƙaramin sola, ko gidan sauro don kwanan tsakar gida, a ganina ya fi amfani a kan kowace na'urar haske. Azumi ma na karya ta. Wanda likita ya yarje masa azumi ya yi ƙoƙarin tsayar da lokutan barcinsa guda biyu, na bayan asham da na bayan asuba, su zama iri ɗaya kullum, bayan sallah kuma ya dawo a hankali. Haɗari kusan babu.

Hasken hantsi

Ana auna haske da ma'aunin da ake kira luks. Ɗakin da aka kunna ƙwai yakan ba da luks 100 zuwa 500. Inuwa a waje da rana tsaka tana kai 10,000 ko fiye, a cikin rana inda ba inuwa kuwa har 100,000. Ido ba ya nuna maka girman wannan tazara saboda yana sabawa da wuri, amma agogon ƙwaƙwalwa yana ji. Hasken safe yana janyo agogo baya, sai barci ya riƙa zuwa da wuri. Hasken dare yana tura shi gaba.

Kano tana kusan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya. Rana na fitowa tsakanin ƙarfe shida da bakwai saura 'yan mintuna duk shekara, kuma yini bai taɓa gaza sa'o'i 11 ba. Ko ranar da hazo ya rufe gari har ba a hango Dala, hasken waje ya ninka na ɗaki sau da yawa. Abin da ake buƙata minti 20 zuwa 30 ne a waje cikin sa'ar farko bayan tashi. Ba kallon ƙwayar rana ake yi ba, wannan ɓata ido ne. Ka fito da tabarma tsakar gida ka sha kokonka a can, ko ka yi azkar ɗinka a ƙofar gida maimakon cikin ɗaki, ko ka taka daga gida zuwa bakin titi. Ke 'yar'uwa da ba ki cika fita ba, sharar tsakar gida da shanya da wanke-wanken safe sun wadatar in dai sararin sama na kanki. Matsalar tana ga sabbin gidajen da aka rufe tsakar gidan da kwano, da masu labule mai kauri da ba a ɗagawa sai walaha.

Nan ne mai ciwon hanji zai bambanta da kowa. Azathioprine na ƙara haɗarin kansar fata idan ana yawan shan rana. Baƙar fata na da kariya, amma ba cikakkiya ba, masu hasken fata da zabiya kuwa sai sun fi kula. Sulfasalazine da methotrexate da ciprofloxacin kan sa fata ta ƙi jinin rana. Maganin wannan mai sauƙi ne, tunda ta ido haske ke aiki ba ta fata ba: zauna a inuwa mai buɗaɗɗen sama, da hantsi, jiki a rufe. Sai kuma ido. Wannan ciwo yakan taɓa ido da kumburi. In idonka ya yi ja, yana zafi, haske na soka maka, ka dakata ka ga likitan ido a ranar.

Wata ƙa'ida da ake yawan mantawa: hasken da ya zo da wuri fiye da kima yana iya yin akasin abin da ake so. Wanda jikinsa ya saba tashi ƙarfe goma, in ya sha haske mai ƙarfi ƙarfe biyar, jikin zai iya lissafa shi cikin hasken dare ya ƙara jinkirta agogo. Ya fara daga lokacin da ya saba tashi, ya riƙa janyowa.

Akwatin haske da tabarau mai haske

Akwatin fitila ce mai ba da luks 10,000 wadda aka tace mata hasken da ke ƙona fata, a zauna gabanta minti 20 zuwa 30 da safe. Asalinta jinyar baƙin cikin lokacin sanyi ce, wanda Norman Rosenthal da abokan aikinsa suka bayyana a Amurka a 1984. A ƙasashen sanyi tana da dalili, don a Landan yinin tsakiyar watan Disamba bai kai sa'o'i takwas ba. Hujjarta a kan wancan ciwon da kuma gyara agogon jiki tana da ƙarfi. A kan ciwon hanji kuwa sabon fage ne. Masu bincike a Jami'ar Michigan, ciki har da Helen Burgess, sun shirya gwaji a kan hasken safe ga masu wannan ciwo. Irin waɗannan gwaje-gwaje ƙanana ne, kuma babu wata ƙa'idar jinya da ta sa haske cikin magungunan kumburin hanji.

Daga waje ake kawo fitilar, da dala, daga 'yan gomomi zuwa sama da ɗari, tabarau ɗin kuma ya fi tsada. Tana son wuta a daidai lokacin da ka tashi, in ta lalace ba lallai ka sami mai gyara ba, kuma masu arha da yawa ba sa ba da luks ɗin da aka rubuta a kwali sai ka kusan manna fuska. Fitilar da masu ɗaukar bidiyo ke amfani da ita ba ita ba ce. Fitilar akwatin takan jawo ciwon kai, gajiyar ido ko tashin zuciya. Mai larurar ƙwaƙwalwa irin wadda ke sa mutum ya yi sama ya yi ƙasa, tana iya tayar masa da ita, mai ciwon bayan ido ko wanda suga ya taɓa wa ido kuma sai da izinin likita. Ga yawancin Kanawa, sayenta kamar mai rijiya a tsakar gida ne yana jiran mai garuwa.

Rage hasken dare

Kyauta ne, kuma abokin hasken hantsi ne. Sa'a ɗaya kafin kwanciya a kashe farin ƙwan nan mai kashe ido, a bar ƙarami mai ruwan ɗorawa, a rage hasken waya ko a ajiye ta. A kashe makunnin ɗaki kafin a kwanta saboda wutar tsakar dare. Mai zagawa banɗaki ya yi amfani da ƙaramar tocila maimakon ya haske gidan duka. Tabarau da ake cewa yana tare shuɗin haske kuwa, wani babban nazari na Cochrane, ƙungiyar da ke tace binciken lafiya, a 2023 bai sami tabbacin yana gyara barci ba. Ba zan sa kuɗina a kai ba.

Melatonin

Sinadari ne da ƙwaƙwalwa ke saki idan duhu ya yi, hanji ma yana samar da shi da yawa, shi ya sa masu bincike suka sa masa ido. An yi ƙananan gwaje-gwaje a masu gyambon babban hanji, amma ba su kai a kafa hukunci ba. Aikinsa na gaskiya saita agogo ne, kuma lokacin sha ya fi yawan abin da aka sha muhimmanci. Matsala biyu gare shi. Wani bincike a Kanada a 2017 ya auna wanda ake sayarwa a kantuna, ya tarar wani bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka rubuta ba, wani kuma ya ninka kusan sau shida. Sannan yana taɓa garkuwar jiki, har takardar wani nau'insa da aka yi wa rajista a Turai ta ce ba a so masu ciwon da garkuwar jiki ke yaƙar jiki su sha. Yana kuma iya karo da warfarin, maganin tsinka jini. Kuɗinsa matsakaici ne amma duk wata ne. In za a sha, da sanin likitan da ke duba hanjin, kuma mai lambar NAFDAC.

Horon gyara barci

Likitoci na kiransa CBT-I. Zama ne huɗu zuwa takwas da ƙwararre, a koya wa mutum raba gado da fargaba: kada ya kwanta sai barci ya zo, in ya ƙi zuwa ya tashi, ya daina ƙirga sa'o'i. Tun 2016 ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta ce shi za a fara gwadawa ga rashin barci mai daɗewa kafin ƙwaya, kuma amfaninsa yakan zauna bayan an gama. Ya dace ƙwarai da wanda ciwonsa ya lafa amma tsoron tashin dare bai bar shi ba. Wahalarsa samun mai yi. A tambaya a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa, kuma zuwa can ba ya nufin hauka. Akwai manhaja ta kyauta mai suna Insomnia Coach, sai dai da Turanci take. Wani ɓangaren horon yana rage sa'o'in gado na ɗan lokaci, wanda bai kamata a yi shi ciwo na kan ganiyarsa ba.

Ƙwayoyin barci na kemis

Diazepam da bromazepam suna sa barci a daren farko, bayan 'yan makonni jiki ya saba, barinsu ya zama aiki. Ba sa saita agogo. Tramadol da kodin sun fi muni: suna daskarar da hanji, suna ɓoye alamun ciwo, kuma an danganta yawan shan irinsu da mummunan sakamako ga masu wannan ciwo. Kano ta ga abin da kodin ya yi kafin gwamnati ta hana maganin tari mai ɗauke da shi a 2018. Wanda ciwon gaɓoɓi ke hana shi barci kuma ya guji diclofenac da ibuprofen, don suna iya tayar da ciwon hanjin.

| Hanya | Kuɗi | Hujja | Ɗorewa a Kano | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Tsayar da lokaci | Kyauta | Mai kyau ga barci | Bazara da azumi na gwada ta | Sai da juriya | Kusan babu |
| Hasken hantsi | Kyauta | Mai ƙarfi ga agogon jiki | Duk shekara | Mai sauƙi | Fata da ido ga wasu |
| Akwatin haske | Tsada | Kaɗan ga hanji | Ya dogara da wuta | Matsakaici | Ciwon kai, ido, larurar ƙwaƙwalwa |
| Rage hasken dare | Kyauta | Matsakaiciya | Mai kyau | Waya ce matsala | Babu |
| Melatonin | Duk wata | Kaɗan ga hanji | In an sami na gaske | Mai sauƙi | Garkuwar jiki, karo da magani |
| Horon barci | Kuɗin zama | Mafi ƙarfi ga rashin barci | Yana zama | Wuyar samu | Kaɗan |
| Ƙwayar kemis | Arha | Ta ɗan lokaci | Ba ta ɗorewa | Mai sauƙi | Babba |

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

Wanda ciwonsa ke ci yanzu, da jini da zawon dare da rama, asibiti ne nasa. Ya rage hasken dare, ya bar sauran sai ciwon ya lafa.

Wanda ciwonsa ya lafa amma ya zama ɗan dare, ba ya kwanciya sai ɗaya ko biyu, ya haɗa tsayayyen lokacin tashi da hasken hantsi da rage hasken dare, ya ba su wata guda yana rubuta lokacin kwanciya da na tashi da yawan fita bayan gida, ya kai wa likita takardar.

Wanda ke kwanciya a kan lokaci amma barcin ya ƙi zuwa har wata uku ko fiye, horon barci ya fi dacewa da shi.

Ma'aikacin jinya, mai gadi, mai gidan burodi da direban dare, hasken hantsi na iya zame musu cikas, tunda lokacin ne za su kwanta. Su sa baƙin tabarau a hanyar komawa gida in ba tuƙi suke ba, su duhunta ɗaki, kuma su nemi takardar likita ko za a rage musu jujjuya aiki tsakanin dare da rana. A nan ne akwatin haske ko melatonin ke iya samun gurbi, bisa tsarin likita.

Akwatin ya kuma dace da wanda ke kwance ba ya iya fita, da Bakanon da ke karatu ko aiki a Ingila ko Kanada lokacin sanyi.

Wanda ke barci isasshe amma kullum a gajiye yake, ko ƙafafunsa ba sa zama wuri ɗaya da dare, a auna masa jini, domin ƙarancin sinadarin ƙarfe ya yi yawa a masu wannan ciwo kuma yana jawo duka biyun. Mai minshari da numfashi ke sarƙewa cikin barci shi ma gwaji yake buƙata, ba haske ba.